Almakashin hukumar tace finafinan Indiya da masu neman "soyayya zalla"

Kafin fim ɗin Dhadak 2 ya shiga gidajen kallo a ranar 1 ga Agustan 2025, sai da Hukumar Tace Finafinai ta Indiya, CBFC, ta sa masu shi suka yi gyara a wurare 16. An toshe kalmomin zagin da ake jifan 'yan Dalit da su, wato mutanen da tsarin asalin Indiya ya ajiye a can ƙasa, waɗanda ake ɗauka ba a taɓa su. Akwai inda ake maganar danniyar shekara 3,000 da ba za ta gyaru cikin shekara 70 ba, aka ce a cire 3,000 ɗin, a bar maganar tana yawo ba lissafi. An datse wani ɓangare na wurin da ake wulaƙanta jarumin. Sanarwar nan ta farkon fim, mai wanke masu shi daga zargin ɓata wa wani rai, ita kuma aka ƙara mata tsawo. Labarin saurayi ne ɗan Dalit mai karatun lauya da soyayya ta haɗa shi da 'yar ajinsu daga gidan manya, amma abin da ya mayar da soyayyar tasu labari, shi hukumar ta bi da almakashi.

Hukuma dai halinta ke nan, ban yi mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu kallo da masu sharhin da ke ganin hakan bai zama abin magana ba. Kullum zancensu ɗaya ne: mu soyayya muka zo kallo, a daina cusa mana siyasa, a bar yara su yi waƙarsu su kalli juna, rigimar asali a kai ta majalisa. Wannan ra'ayi ya zama ruwan dare, kuma masu shi suna faɗinsa da natsuwar wanda ya tabbata shi ne mai hankali a wurin. Ni kuwa ina ganin babu ra'ayin da ya kai shi rashin fahimtar abin da fim ɗin soyayyar ƙuruciya yake yi.

Yaro yana tasowa yana wasa da duk wanda ya samu. Ba ya tambayar sunan kakan abokinsa, ba ruwansa da sana'ar gidansu. Sai ranar da ya fara tashen samartaka, zuciyarsa ta tsaya a kan mutum ɗaya, a ranar yake cin karo da katangar da manya suka gina tun kafin a haife shi. Nan zai ji cewa akwai gidan da ba a shiga neman aure, akwai sunan da ba ya haɗuwa da nasu. Girman da ake cewa jarumi ya yi a irin wannan fim shi ne wannan ganowar. Idan ka cire katangar, ko ka shafe ta da fenti har ba a gane da me aka gina ta, to babu abin da yaron ya gano, bai girma ba, saura kyawawan fuskoki da kiɗa. Wanda ke cewa a fitar da siyasa daga fim ɗin matasa biyu da aka hana aure, ya manta cewa hanin shi ne siyasar. Wa ke da ikon hanawa? Da wane dalili? Idan an ƙi ji, wa ake duka, kuma 'yan sanda bayan wa suke tsayawa?

A Indiya kuwa maganar ta fi haka kaifi, domin tsarin jati, wato raba mutane hawa-hawa bisa gidan da aka haife su, a kan aure yake tsaye. B. R. Ambedkar, wanda daga baya ya shugabanci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar, ya faɗi wannan tun a 1916, a wata maƙala da ya gabatar a Jami'ar Columbia da ke Amurka: hana aure a wajen rukuni shi ne jigon tsarin gaba ɗaya. Wata ƙungiyar masu neman gyara a Lahore ta gayyace shi ya yi jawabi a taronta na 1936. Da suka karanta rubutun sai suka nemi ya cire wasu wurare da suka yi musu zafi, ya ƙi, aka fasa taron, ya buga jawabin da kansa. A ciki ya ce auratayya tsakanin rukunai ita ce maganin gaske. Yau shekara kusan 90 ke nan, masu almakashi ba su canza hali ba. Sashe na 17 na kundin da ya fara aiki a 1950 ya haramta ɗaukar wani mutum a matsayin ƙazantar da ba a taɓawa. Dokar aure ta musamman ta 1954 ta ba kowane baligi damar auren wanda yake so. Duk da haka, binciken ci gaban al'umma da aka yi a faɗin ƙasar a 2011 zuwa 2012 ya nuna auren da ya tsallaka jati bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ba. 'Yan Dalit kuma, a ƙidayar 2011, sun haura miliyan 200. A ƙasa irin wannan, saurayi da budurwa da suka tsallaka wannan layi sun riga sun shiga siyasa tsundum, ko sun sani ko ba su sani ba.

Wanda yake son ganin yadda ake yin wannan aiki da gaske, ya koma kan Sairat, fim ɗin harshen Marathi da Nagraj Manjule ya ba da umarni, wanda ya fito a Afrilun 2016. Shi ne tushen Dhadak na farko, kuma ni a wurina shi ne ma'aunin da ya kamata a auna sauran da shi. Manjule ya fito ne daga ɗaya daga cikin rukunan da ake rainawa a gundumar Solapur ta jihar Maharashtra, a yankin nan kuma ya ɗauki fim ɗin, da yara biyu da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Jarumar fim ɗin, Rinku Rajguru, tana 'yar makarantar sakandare aka ɗauko ta. An kashe abin da bai wuce rupi miliyan 40 ba, fim ɗin ya kawo sama da rupi biliyan 1, abin da wani fim ɗin Marathi bai taɓa yi ba kafinsa. Ina kawo wannan lissafi ne saboda masu cewa jama'a ba sa son a taɓo musu irin wannan magana. Jama'ar sun cika gidajen kallo makonni a jere.

Abin da ya sa na fi girmama Sairat shi ne da wuya ka ji wani ya tsaya yana lacca a cikinsa. Jarumin, Parshya, ɗan masunci ne. Archi 'yar babban mai gonaki ce kuma ɗan siyasar yankin. Sunayen gidajensu kaɗai sun ishe mai kallo ɗan Maharashtra ya san wane ne a sama. Sauran kuma ido ne ke gani. Akwai fitowar da samari ke iyo a babbar rijiyar ƙauye, Archi ta iso da ƙawayenta, ta tsaya a bakin rijiyar ta ce su fito, suka fito ɗaya bayan ɗaya ba musu. Tana hawa babur ƙirar Royal Enfield, tana tuƙa tarakta, ita ce ke zuba wa saurayin ido a cikin aji har ya rasa inda zai sa kansa. Mai kallo yana ta murna ya ga yarinya mai ƙarfin hali. A wata fitowar kuma ɗan'uwanta Prince ya sharara wa malami mari a gaban ɗalibai don kawai ya tsawata masa, kuma ba Prince ne ya ɗanɗana kuɗarsa ba, malamin ne. A nan mai lura zai gane cewa ƙarfin halin Archi da rashin kunyar Prince daga tushe ɗaya suka fito: ikon ubansu ne. Ita tana amfani da shi wajen so, shi wajen zalunci, amma ba ɗayansu da ya nema da guminsa.

Sai fim ɗin ya karye biyu. Duk waƙoƙinsa a rabin farko suke, da hotuna masu tafiya a hankali da kiɗan da aka je har Hollywood aka naɗa. Da suka gudu suka faɗa birnin Hyderabad, waƙa ta ƙare ƙaf. Suna kwana a titi. Wata mata mai zaman kanta a unguwar marasa galihu ce ta tsince su ta ba su ɗaki. Archi da ke korar samari daga rijiya yanzu tana bin layin ban-ɗakin jama'a tana toshe hanci, ba ta iya girki ba, ba ta jin harshen Telugu da ake yi a garin, ta koma aiki a kamfanin cika kwalabe. Parshya, wanda talauci ba baƙonsa ba ne, ya fi ta saurin sabawa, sai kishi da zargi suka shige shi har ya ɗaga hannu ya mare ta a bainar jama'a. Wannan marin yana da muhimmanci ƙwarai. Manjule bai yarda ya mayar da ɗan rukunin da ake rainawa waliyyi ba. Ya nuna cewa wanda aka danne a waje yana iya dawowa gida ya danne mace. Ta hau jirgin ƙasa da niyyar komawa gidansu, ta yi tunani, ta dawo. A can ƙauye kuma iyayen Parshya sun bar gari, mahaifinsa yana durƙushe gaban dattawan rukuninsu yana roƙo, yana cewa ya cire ɗansa daga cikin 'ya'yansa, don a yarda a auri 'yarsa. Waɗanda ake dannewar ma suna da tasu majalisar mai tsare katanga.

Ƙarshen kowa ya san shi. Shekaru sun wuce, sun yi aure a ofishin rajista, sun haifi ɗa, suna maganar sayen gida. Prince ya zo da wasu 'yan'uwa ɗauke da tsaraba, kamar an huce. Maƙwabciya ta ɗauki yaron ta fita da shi. Da ta dawo da shi bakin ƙofa, ya shiga da tafiyarsa ta tatata, ya tarar da uwa da uba kwance cikin jini. Babu kiɗa, babu kuka, an ɗauke sauti gaba ɗaya. Ya juyo ya fito, sawun ƙafarsa ja a kan hanya.

To a gaya mini, wace fitowa ce a nan za a ware a ce wannan soyayya ce, waccan siyasa?

Kamfanin Dharma na Karan Johar ya gwada warewar a 2018, kuma Dhadak na farko shi ne sakamakon. An ɗauke labarin daga ƙauyen Solapur mai ƙura aka kai shi Udaipur, birnin tafkuna da fadojin sarakuna. Ɗan masunci ya koma ɗan masu gidan cin abinci da masu yawon buɗe ido ke zuwa. Yaran ƙauye biyu aka maye gurbinsu da Janhvi Kapoor, 'yar marigayiya Sridevi, da Ishaan Khatter, ƙanen Shahid Kapoor. Ana ambatar bambancin asali a fatar baki a wuce, amma ba ka ganinsa a ɗakin da yaron ke kwana, ko a yadda mahaifinsa ke tsayawa gaban manya. Wahalar gudun hijirar ma an yi mata kwalliya, Kolkata ɗin tasu tsaf-tsaf. Sannan aka canza ƙarshe: miji da ɗa aka jefo daga bene, aka bar yarinyar da rai. Wasu sun ce wai wannan ya fi ban tausayi. Ni abin da na gani shi ne an zare ma'anar. A Sairat dangi sun kashe 'yarsu ta cikinsu, domin a tunaninsu tsarkin zuri'a a jikin mace yake, wadda ta ɓata shi kuma ba ta da sauran wuri a duniya. Da ka bar ta da rai, kisan ya koma ramuwar wani mugun uba guda, irin wanda ake samu a kowane fim, mai kallo ya tsine masa ya tashi ya tafi gida hankali kwance, ba abin da ya shafi gidansu.

Wannan ita ce tsohuwar dabarar Bollywood: a mayar da komai rigimar mai kuɗi da talaka. Dalilin a fili yake. Talauci ana fita daga cikinsa. Jarumi zai iya yin arziki kafin waƙar ƙarshe, suruki ya rungume shi, kowa ya yi dariya. Jati kuwa ba a fita. Ka zama lauya, ka zama likita, sunan gidanku yana biye da kai. Shi ya sa masu son labari mai daɗi suke gudunsa, shi ya sa kuma musanya shi da talauci ƙarya ce. Kamar likita ne ya duba mai ciwon daji ya rubuta masa zazzaɓi a kati don kada ran 'yan'uwa ya ɓaci. Abin takaicin shi ne masana'antar ta taɓa fin haka ƙarfin zuciya: tun a 1936 kamfanin Bombay Talkies ya yi Achhut Kanya a kan soyayyar ɗan Brahmin, rukunin da ke can sama, da yarinyar da ba a taɓawa, kuma bai ɓoye sunan matsalar ba, a sunan fim ɗin ma ya sa ta.

Ga kuma abin da ke faruwa a wajen gidan kallo lokacin da ake wannan kwaskwarima. A Maris ɗin 2016, makonni kaɗan kafin fitowar Sairat, an sassare wani ɗalibin injiniya ɗan Dalit da rana tsaka a garin Udumalpet na jihar Tamil Nadu, a gaban matarsa, saboda ya auro daga rukunin da ya fi nasu. Kyamarar tsaro ta ɗauka, duk ƙasar ta gani. A Maris ɗin 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci cewa babu wata majalisar dangi ko ta ƙauye da ke da hurumin tsoma baki a auren baligai biyu da suka amince da juna. A Yulin shekarar Dhadak ya fito. A Satumba aka kashe wani matashi a ƙofar asibiti a Miryalaguda ta jihar Telangana, yana rako matarsa mai juna biyu daga awo. Wata biyu kacal tsakanin fim ɗin da ya ga maganar jati ta yi nauyi da wannan gawar. Wanda ya san wannan ya ci gaba da cewa a bar kaza cikin gashinta, to ya zaɓi ɓangare, ko da bai faɗa ba.

Masu kare hukumar suna cewa kalmomin zagi na iya tayar da tarzoma, sai ka ce wanda ake zagin da su kullum a makaranta da wurin aiki a sinima zai fara jin su. Masu cewa irin wannan fim yana koya wa yara bijire wa iyaye kuwa, da alama rabin farko suka kalla suka tashi, domin ban san wa'azin da ya kai rabin Sairat na biyu tsoratar da mai niyyar guduwa ba. Biyayya ga iyaye abu ne mai girma, ba na wasa da ita. Amma babu tarbiyyar da ta ba uba ikon aika ɗansa ya yanka 'yarsa.

Shi kansa Dhadak 2 ba na cewa ya kai Sairat. An ɗauko shi ne daga Pariyerum Perumal, fim ɗin Tamil na 2018 da Mari Selvaraj ya yi, kuma a wurare da dama yana faɗin abin da ya kamata ya nuna, jarumai suna tsayawa suna bayani kamar a zauren muhawara. Wannan rauni ne, kuma masu sharhin da ke auna fim da yawan jawaban da aka yi a cikinsa su ma sun kauce hanya. Amma dai Shazia Iqbal, wadda ta ba da umarninsa, ta yi abin da na farkon ya guje wa: ta kira abin da sunansa, a fim ɗin Hindi, a ƙarƙashin kamfanin da ya yi wancan rufa-rufar. Wato lokacin da masana'antar ta yi yunƙurin gyara kuskurenta, sai hukuma ta tare ta a ƙofa. Na farkon, da ya share maganar da kansa, bai sha wannan wahalar ba. Duk furodusan da ke kallo ya ɗauki darasi, kuma darasin shi ne shiru ya fi arha. Gobe idan matashin marubuci ya kawo labarin ɗan Dalit, tun a ofis za a ce masa ya mayar da yaron talaka kawai, a huta da jeka-ka-dawo. Wannan tacewar ta cikin gida ta fi ta hukuma illa, domin ba a rubuta ta a takarda balle wani ɗan jarida ya gani ya buga.

Kuma abin haushin, hanyar fita ba ɓoyayya ba ce. Tun a 2016 kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin darakta Shyam Benegal ya ba da shawarar hukumar ta tsaya ga tantance shekarun masu kallo, ta ajiye almakashi. Gyaran dokar finafinai na 2023 ya kawo matakan shekara 7, 13 da 16. Dhadak 2 an ba shi matakin 16, sannan kuma aka yanke shi. Idan an yarda ɗan shekara 16 ya isa ya shiga shi kaɗai ya kalla, me ake ɓoye masa? A shekarun nan ne ake fara kiransa da waɗannan sunaye a filin makaranta, ko kuma shi yake kiran wani da su. A aiwatar da shawarar Benegal. Kamfanoni su daina sayen labaran Marathi da Tamil suna wanke su, idan ba za su iya ɗaukar nauyin labarin ba su bar wa masu shi. Masu sharhi kuma, kafin su yaba kyan jaruma da daɗin waƙa, su fara tambayar me ya hana auren, a ina fim ɗin ya nuna shi, kuma wa ya biya kuɗin wannan hanin da jikinsa.